Mako na tara: zobo, kanwa da kwaɗon ƙofa

'Yan uwana masu shirin jarrabawar WAEC ta 'yan waje, wadda muka fi sani da GCE, barkanmu da ƙoƙari. Mako uku ban rubuta komai ba, ɗinkin biki ne ya sha kaina. Ga sababbin cikinmu: daga aji biyar na sakandare aka yi mini aure, yau shekara 14, 'ya'ya huɗu, keken ɗinki ɗaya, a nan Tudun Wada. Burina makarantar koyon aikin lafiya, ita kuwa ba ta karɓar mutum sai da kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Kiredit daga A1 yake zuwa C6. D7 da E8 sunansu dai an ci, amma ba sa buɗe wannan ƙofar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali tun farko shi ne firaktikal. Ɗan makaranta ana kai shi ɗakin gwaji ya riƙe kwalba da hannunsa. Mu 'yan waje takarda ake ba mu a maimakonsa, a zana mana kayan aikin, a ce mu karanta awo, mu cika jadawali, mu yi lissafi. To yaya za ki bayyana abin da idonki bai taɓa gani ba? Mako biyu ina haddace cewa "methyl orange", wani manuni da ake ɗigawa a ruwa don gane asid da alkali, ja ne a cikin asid, rawaya a cikin alkali, washegari sai in juya su.

Ran Talatar da ta wuce ina dafa zobon sayarwa, ƙaramar 'yata ta jefa ɗan gutsuren kanwa a kofin da na ɗiba don ɗanɗano. Kafin in buɗe baki da faɗa, jan nan ya dushe, ya koma baƙi-baƙi mai ratsin kore. Na tsaya ina kallo. Na matsa lemon tsami a ciki, sai ga ja yana dawowa, har da 'yar kumfa. Wallahi a nan tsaye gaban murhu babin da ya gagare ni ya buɗe. Zobo ma manuni ne, launinsa yana faɗin ko ruwa asid ne ko alkali. Lemon tsami da tsamiya asid ne. Kanwa da ruwan toka alkali ne, shi ya sa iyayenmu ke sa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami. Kumfar kuwa iskar kabon dayoksaid ce, domin akwai sodiyam kabonet a cikin kanwa, kuma duk kabonet in ya gamu da asid sai ya saki wannan iskar. Surukata tana jin ina ta maimaita "alkali, alkali" ta leƙo ta ce wa zan kai ƙara. Na ce Hajiya wannan ba mai shari'a ba ne.

Daga nan na samo sirinji sabo daga kemis, na jiƙa kanwa na tace, na ɗiga zobo kaɗan, na riƙa sakin ruwan lemo ɗigo-ɗigo ina juyawa har launi ya juya. Wannan shi ne taitireshan, sai dai nawa na talaka ne. Ba zan ruɗe ku ba, sirinji ba buret ba ne, wato doguwar kwalba mai awo da ake ɗiga ruwa da ita a ɗakin gwaji, kuma ban san ƙarfin ruwan kanwata ba, don haka ba a lissafi da shi. Amma yanzu in na ga zanen buret a tsofaffin tambayoyi na san me ake jira. Abu uku ku riƙe: sifili a saman buret yake, lambobi suna ƙaruwa ne zuwa ƙasa, ana karanta awo daga ƙasan lanƙwasar ruwan, kuma ana rubuta shi da lamba biyu bayan ɗigo, 24.50 ba 24.5 ba. Sannan kada ku manta haidirokulorik asid mol biyu ke cinye mol ɗaya na sodiyam kabonet. Sau huɗu ina faɗuwa a tambaya ɗaya saboda na ɗauka ɗaya da ɗaya ne.

Shi mol ɗin har yanzu muna kokawa. Na gane dai ƙidaya ce kamar dozin, kuma mol ɗaya na gishiri giram 58.5 ne, wato 23 na sodiyam da 35.5 na kulorin. In tambaya ta wuce mataki uku sai kaina ya ɗau zafi.

Fiziks kuma abin dariya ya faru. Na ɗaura kwaɗo a zaren ɗinki, na ƙofa nake nufi ba na rafi ba, na rataya a ƙusar bakin ɗaki, na auna mita ɗaya da tef ɗina. Babban ɗana ya riƙe agogon waya. Muka ƙirga lilo 20, muka samu kusan daƙiƙa 20. Na sa a cikin ƙa'idar lilo da ke littafi, sai ta ba ni ƙarfin janyowar ƙasa wajen 39, alhali littafi ya ce 9.8. Yaron ya ce Umma ashe ƙasar Zariya ta fi ta ko'ina ja. Kwana na yi ina neman kuskuren a lissafi, ashe a ƙirga yake. Lilo ɗaya shi ne zuwa da dawowa, ni kuwa kowane zuwa ina ƙirga shi ɗaya. Da muka sake, lilo 20 ya ɗauki daƙiƙa 40.4, kowane ɗaya 2.02 ke nan, amsa ta fito 9.7. Na yi guɗa har maƙwabciya ta aiko a ji ko lafiya. Mun canja kwaɗon da wanda ya fi shi nauyi, lokaci bai canja ba. Da muka rage zaren zuwa santimita 25 sai ya koma rabi. Na karanta wannan a littafi sau da yawa ban yarda ba sai da na gani.

Bayoloji ba ya ba ni wahala sosai, sai zane. Layin suna da rula ake ja, ba a yi wa zane inuwa, kuma a rubuta take da sau nawa zanen ya ninka girman abin. Babin gado ne kawai ya sa na ajiye littafi na yi shiru. In uba AS ne uwa ma AS, ana cewa ɗaya cikin huɗu zai zo da sikila. Na daɗe ina ɗauka cewa in an haifi ɗaya mai ita, ukun da ke biye sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabon lissafi ne, kashi 25 cikin 100, ko na fari ko na bakwai. Akwai gidan da na sani a cikin gari da uku a jere suka zo da ita, kuma har yau ana cewa asiri ne.

Tsarin karatuna bai canja ba: bayan sallar asuba awa ɗaya kafin yara su tashi, da dare kuma in akwai wuta. Littafin tsofaffin tambayoyin da na saya a kasuwar Sabon Gari wasu amsoshinsa na baya kuskure ne, na kama biyu a Kemistiri, don haka kada ku haɗiye su haka nan. Ranar Asabar wata ɗalibar ABU da nake yi wa ɗinki za ta zo daga Samaru ta nuna mini yadda ake fitar da gangaren giraf, ni kuma in yafe mata kuɗin doguwar riga. Wanda ya gane babin wutar lantarki a cikinku, musamman haɗin jere da haɗin gefe-da-gefe, don Allah ya taimaka mini da bayani cikin Hausa, shi zan shiga ran Litinin in Allah ya kai mu.