Inda Direbobi Ke Tsayawa Cin Abinci

In ka taso daga Kano za ka Abuja, duba inda direbobin tirela suka jera motoci, kamar Mararrabar Jos ko Tafa. Kullum suna kan hanyar nan, ba sa komawa wurin da ya taɓa ɓata musu ciki.

Kafin a zuba maka, leƙa tukunya. Miyar da ke tafasa a kan wuta ita ce taka. Wadda ta huce, mai ya kwanta a samanta, ƙyale ta, zafin rana na saurin lalata miya. Tsire a gasa a gabanka. Fura kuwa, miƙa ruwan ledarka a dama da shi. Mai tuƙi ya rage tuwo da rana, yana kawo gyangyaɗi.