Manja, ruwan sanyi da injin wanke kwanuka a Bremen

A Jamus sau da yawa gidan haya ba ya zuwa da kicin. Bango za a ba ka da bakin bututun ruwa, kai za ka sayi murhu da kabad da komai. Da muka tare a Bremen, mun sayi kicin ɗin wanda ya tashi daga gidan, har da injin wanke kwanuka a ciki. Tunda namu ne, in ya lalace ba ruwan mai gidan.

A sanyin farko ya fara ba mu matsala. Ya yi ta aiki fiye da yadda ya saba, in na buɗe sai in tarar da kwanukan da sanyi, manja ya daskare a jikinsu. Wanda ke miya da manja ya san ruwan sanyi ba ya fitar da shi ko an zuba sabulu nawa. A Kano da yaro zan aika ya kira mai gyara daga bakin titi. Nan kuwa zuwansa kawai kuɗi ne, tun bai taɓa komai ba, kuma sai ka jira ranar da ya ba ka.

Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin lantarki, shi ya zo da mitarsa. Abu na farko, ya cire filogi ya rufe famfo. Ya fara da hita, domin ita ake zargi in ruwa ya ƙi zafi. Hita mai ƙarfin wat 2000 a kan wutar bolt 230 turjiyarta, wato yadda take rage wucewar wutar lantarki, kusan om 26 ce, kuma haka mitar ta nuna. Lafiyarta lau.

Sai ya koma kan ma'aunin zafi, ɗan abu ƙarami da ke can ƙasa inda ruwa ke taruwa. Aikinsa ya ba ni sha'awa ƙwarai: yayin da ruwa ke ƙara zafi turjiyarsa tana raguwa, da haka ƙwaƙwalwar injin ke sanin lokacin kunna hita da kashe ta. In ya ba da labarin ƙarya, ko dai injin ya ɗauka ruwan ya riga ya yi zafi, ko ya yi ta jiran zafin da ba zai gani ba. Dattijon ya duba wayoyin ko sun yi tsatsa, sannan ya tsoma bakin ma'aunin a kofin ruwan ɗumi. Lambar da ke kan mita ko motsi ba ta yi ba, alamar ma'aunin ne ya lalace.

A wurinsa na ji cewa tun Maris 2021 dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa kamfanoni ajiye irin waɗannan kayan gyara na aƙalla shekara 7. Wannan doka ta burge ni, domin iyali kamar namu ba za su iya sayen sabon inji saboda ƙaramin abu ɗaya ba. Dattijon ya taimaka muka yi odar sabon ma'aunin da lambar injin da ke gefen ƙofa.

Kuɗi ya ƙi karɓa. Na aika masa tuwon shinkafa da miyar taushe, washegari ya dawo da kwanon yana tambaya ko akwai wadda ba ta kai wannan yaji ba. Yanzu shi ke karanta mana wasiƙun hukuma in Jamusancin ya yi mana tsauri.