Lambar Kyaftin Butler da mutum 13 da suka bi shi daji

Lokacin da nake rubuta kundin kammala digiri a kan sojojin Afirka ta Yamma a yaƙin duniya na farko, malamin da ke duba aikina ya miƙo mini sanarwar da aka fitar a 1915, wadda ta bayyana dalilin ba Kyaftin John Butler lambar Victoria Cross. Ita ce lambar jarumta mafi daraja a sojan Birtaniya. Ya ce in karanta labarin tukuna, sannan in koma in ƙirga mutanen da ke ciki.

Labarin kam na tayar da tsikar jiki. Ranar 17 ga Nuwamba 1914, Butler ya kutsa wani ƙungurmin daji a Kamaru da mutum 13 kacal, suka far wa dakarun Jamus kimanin 100, suka fatattake su, suka ƙwace mashinga da tulin harsasai. Ranar 27 ga Disamba kuma ya faɗa kogin Ekam shi kaɗai, ana yi masa ruwan wuta, ya tsallaka ya leƙo inda abokan gaba suke, ya dawo lafiya. Yana cikin ruwan aka raunata biyu daga cikin mutanensa. Daga baya aka ƙara masa DSO, wata lambar yabo ta sojan Birtaniya. An kashe shi a Gabashin Afirka ranar 5 ga Satumba 1916, yana ɗan shekara 27, kuma kabarinsa na nan a Morogoro ta Tanzaniya, da sunansa a jikin dutse.

Namiji ne, babu ja. Ban yarda a rage masa komai ba.

Amma da na zo ƙirga sai jikina ya yi sanyi. Mutum ɗaya ne ke da suna a takardar. Sauran adadi ne: 13 nan, biyu can. Su ma fa dajin suka shiga, harsashi kuma bai san mai muƙami ba. Rundunar da Butler ya yi aiki da ita ta Gold Coast ce, Ghana ta yau, wadda ta samo tushe daga dakarun da Turawa ke kira 'yan sandan Hausa, kuma Hausa ce harshen bariki a lokacin. Wataƙila da harshenmu suka riƙa ce wa juna "a yi hankali" a cikin dajin nan.

Tun daga nan na daina ɗaukar takardar gwamnati a matsayin cikakken labari. Gaskiya take faɗa, amma wanda ya rubuta ta shi ya zaɓi wa zai ambata. Na koma neman rajistar albashi, da takardun asibiti, da bakin tsofaffin da kakanninsu suka yi soja, domin a can ƙananan sojoji suka fi barin sawu.

Abin ya wuce mutum 13. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a wannan yaƙi, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu a kabari ko wurin tunawa ba. Sai da sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya tsaya a majalisa ya nemi afuwa.