Laraba: ɗan dambe daga allon kwamfuta zuwa kwanon rezin

Sassaƙa ta ƙare, yau ranar shirin buga siffar ce a na'urar 3D mai daskarar da rezin, wato ruwan roba, falle-falle da haske. Siffar tana cikin ZBrush, manhajar sassaƙa a kwamfuta: ɗan dambe ya ɗan rage tsawo, hannun garkuwa a miƙe gaba da yatsu a buɗe, hannun mashi a ja baya naɗe da zare, ga layu a damtse. Ma'auninta 1/10, wato mutum mai tsawon santimita 180 ya dawo milimita 180. Duk wani lissafi na yau daga wannan adadin ya taso.

Da safe kauri na fara bi. Zaren da ake naɗe hannu da shi, idan kaurinsa milimita 5 ne a zahiri, a wannan ma'aunin 0.5 ne, kwarin da ke tsakanin zare da zare kuwa bai kai 0.1 ba. A allo yana da kyau ƙwarai, domin mutum na jawo hoto kusa yadda ya ga dama. A hannu, fentin share fage kaɗai ya isa ya cike shi, dunƙulen ya fito sumul. Don haka na kumbura zaren zuwa 0.8, na rage yawan zagayen, na zurfafa kwarin. Igiyar layu na manne ta da fata gaba ɗaya, saboda duk abin da ya tsaya shi kaɗai ƙasa da milimita 1 wajen wanki yake karyewa. Kunnuwa da yatsu ma sun sami ƙari kaɗan. Wanda ya ga siffar a allo yanzu zai ce an yi mata kauri, amma ba don allo ake yin ta ba.

Sai yanka. Gida bakwai: kai, gangar jiki, hannaye biyu, ƙafafu biyu, da dandamali. Ana yanka ne a inda ido ba zai kama ba: ƙarƙashin igiyar layu, bakin wando, gindin wuya. Kowace mahaɗa tana da namiji da mace, kuma mai kusurwa huɗu na yi, mai ɗan tsukewa a baki, don zagayayye yana barin hannu ya juya ya ɓata tsayuwa. Ratar da ke tsakaninsu milimita 0.15 ce ta kowane gefe. In ba rata ba za su shiga ba, domin haske yana ɗan tsallake iyakarsa, namiji ya ƙara kauri, mace ta ƙara tsukewa. Ƙafar baya ita ke ɗauke da nauyi, sai na bar mata rami mai faɗin 2.2 daga diddige zuwa ƙwauri, inda sandar tagulla ta milimita 2 za ta shiga. Rezin yana lanƙwasa a hankali idan ya daɗe yana ɗaukar nauyi cikin zafi, ɗan damben da ba shi da sanda kuwa zai wayi gari ya sunkuya.

Rage raga, wato ƙananan siffofi masu kusurwa uku da suka haɗu suka zama fatar siffar, bai ɗauki lokaci ba. Fayil ɗin STL, wanda ake fitar da siffar a cikinsa don bugu, yana cin bayit 50 a kan kowace kusurwa uku, ke nan miliyan 40 sun kai gigabayit 2, manhajar yanka falle ba za ta ma buɗe ba sai da kuka. Decimation Master, kayan rage raga na ZBrush, ya sauko da kowane gida zuwa kusan miliyan 1, megabayit 50, ba tare da zaren ya dushe ba. Daga nan na wuce da su manhajar Blender, na bi da 3D Print Toolbox don neman ɓula a raga da fuskokin da suka juya ciki. STL ba ya ɗauke da sunan ma'auni, lamba ce zalla. Abin da aka fitar a matsayin mita 0.18, manhajar gaba za ta karanta shi milimita 0.18, siffar ta zama ɗigo a faifan da bugu ke manne wa.

Ƙwaƙule ciki shi ne inda na fi daɗewa. Ana yawan cewa don tsimin rezin ake yi. Mu lissafa: mutum mai kilo 80 kusan lita 80 ne, a 1/10 an raba da dubu, mililita 80 ke nan ko da a cike aka buga. Tsimin ba shi da yawa. Babban dalili shi ne ja. Na'urar tana buga abu kife, kowane falle yana daskarewa a kan ledar FEP da ke gindin kwano, sannan faifai ya ɗaga ya ɓamɓare shi. Iya faɗin fallen, iya ƙarfin da ake buƙata, kuma ƙirji a cike shi ke tsinke matokarai, wato siraran sandunan rezin da ke riƙe siffa da faifai. Gangar jiki da cinyoyi na ƙwaƙule, bango milimita 2. Hannaye da kai na bar su a cike.

Amma ƙwaƙulallen abu marar ƙofa ya fi cikakke haɗari. Yana kama ledar kamar ƙahon wanzami a bayan mutum, ko dai bango ya tsage ko falle ya goce. Maganinsa rami a ɓangaren da ke kusa da faifai, wanda ake fara bugawa, don iska ta samu shiga tun farko. Rami biyu na yi wa gangar jiki, milimita 3 kowanne, ɗaya cikin macen wuya, ɗaya a ƙugu. Da guda ɗaya ruwan ciki ba ya fita sosai, ɗanyen rezin da ya maƙale kuwa yana iya fasa siffa bayan watanni, tana ajiye wuri ɗaya ta tsage tana ɗiga.

A manhajar yanka falle ta Lychee Slicer na karkatar da gangar jiki digiri 35, kai kuma fuska na kallon nesa da faifai, tabon matokarai ya faɗa a ƙeya. Tokarar da manhaja ke jerawa da kanta ba ta san fuska ba, har a fatar ido take dasawa, don haka da hannu na gyara. Manya masu baki 0.6 a inda bugu zai fara, ƙanana masu 0.3 a yatsu da haɓa. Sannan na bi falle-falle ina neman tsibiri, wato wurin da ya fara fitowa ba ya manne da komai. Kan yatsun garkuwa da ƙasan laya nan suke ɓuya. Tsibiri ɗaya da aka manta zai daskare a kan leda, faifai ya sauko ya danna shi, wani lokaci har ya huda ta.

Ban tayar da na'ura ba sai bayan azahar. Sanyin hunturu na safe yana sa rezin ya yi kauri, ba ya komawa ƙarƙashin faifai da wuri. Ya fi son ɗaki ya kai digiri 25 zuwa 30. Na tace shi tukuna saboda ƙura. Kaurin falle milimita 0.05, haske daƙiƙa 2.5, fallayen gindi biyar daƙiƙa 30 kowanne. Tsayin bugun milimita 90, falle 1,800 ke nan, kowanne kusan daƙiƙa 8 har da ɗagawa, awa huɗu. A kan inbata take, domin ɗauke wuta a tsakiya asarar bugun ce gaba ɗaya ko kuma layi a ƙirji.

Bayan magariba kai, gangar jiki da hannaye suka fito. Safar hannu ta naitiril, wanki biyu a IPA, wato sinadarin alkohol mai narkar da ɗanyen rezin, na farko mai datti, na biyu mai tsabta, minti 3 kowanne, da sirinji ana tura shi ta ramukan. Matokarai ana cire su kafin a gasa, a ruwa mai ɗumi suna saki ba tare da sun ɓalli fata ba. Dole ya bushe sarai, in ba haka ba fari-fari zai fito a kwarin zare. Gashi minti 4 a hasken UV mai nanomita 405, ciki kuma da ƙaramin ƙwan fitila da ake zurawa ta ramin ƙugu. IPA mai datti ba ya shiga kwata, a rana ake ajiye shi har rezin ɗin ya daskare a tace.

Zaren ya fito ɗaya bayan ɗaya. Namijin wuya ya shiga daidai, na hannun mashi ya ɗan yi tsauri, sai da takardar gogewa mai lamba 400 ta taɓa shi. Mahaɗar cinyoyi ta fi faɗi, don haka zan ɗaga ratarta zuwa 0.2 kafin ƙafafu da dandamali su shiga kwano gobe.