Wasiƙa daga Bradford: ga masu tambayata unguwa mai araha

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne na Katsina da Daura. Ya gida, ya zafi, ya haƙuri da mu? A gafarce ni, gaisuwar a tsaye zan yi ta.

Tambaya ɗaya ce ke ta shigo mini ta WhatsApp, daga Ƙofar Ƙaura, daga Sabuwar Unguwa, har daga Daura: "Yaya, idan biza ta fito, wace unguwa ce mai sauƙin haya kuma mai kwanciyar hankali?" Bakina ya gaji da maimaita amsa, shi ya sa na zauna na rubuta. Zan taɓo takardu, sanyi, tsaro da makarantar yara a nan Ingila, gwargwadon hali.

Da farko, mai ƙaramin ƙarfi ya cire Landan daga ransa, sai fa idan aiki ne ya ɗaure shi a can. Abin da za ka biya na ɗaki guda a Landan zai iya kama maka gida sukutum a Bradford. Mutane da yawa a nan suke kwana, su yi aiki a Leeds, domin jirgin ƙasa kamar minti 20 ne tsakani. A ƙidayar 2021 kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen gundumar Musulmi ne, don haka masallaci da naman halal ba abin nema ba ne, musamman a Manningham da Great Horton. Sai dai samun gidan da kake so daban, a yarda a ba ka shi daban.

A Katsina dillali ne zai zaga da kai, ku gaisa da mai gida, ya tambayi ɗan gidan wane ne kai, ka biya kuɗin shekara, a miƙa maka makulli. A nan babu ruwan kowa da sunan kakanka. Doka ta tilasta wa mai gida a Ingila ya tabbatar kana da izinin zama kafin ya ba ka haya, don haka za ka ciro wata lamba daga shafin gwamnati ka ba ejan, wato dillalin gidaje na nan. Daga nan a nemi takardar albashi, a nemi bayanan asusun banki, a nemi shaida daga tsohon mai gidanka, a binciki tarihinka na biyan bashi. Kai da ka sauka jiya, ina ka ga tsohon mai gida? Banki kuma yana neman adireshi kafin ya buɗe maka asusu, ejan yana neman asusu kafin ya ba ka adireshi. Idan duk ka rasa, sai a ce ka kawo mai tsaya maka, mazaunin ƙasar mai albashi, wanda zai sa hannu cewa in ka gaza biya shi za a kama. Ku daina jin haushin ɗan'uwan da ya yi nauyin jiki wajen sa wannan hannu. Wuyansa yake miƙawa.

Abin da ya kamata ku riƙe shi ne dokar 2019 ta taƙaita abin da za a karɓa. Kafin alƙalami ba ya wuce hayar mako ɗaya, kuɗin ajiya na ɓarna ba ya wuce hayar mako biyar a irin gidajen da muke kamawa, kuma dole mai gida ya sa shi a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Kuɗin dillanci da muka saba a gida an haramta karɓarsa daga ɗan haya. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi tun kana Katsina don ya riƙe maka gidan da hotonsa kawai ka gani, ka yi masa sallama.

Yanzu sanyi. Jama'a, hunturun da muke kuka da shi a Janairu, ana hura wuta a ƙofar gida ana shan kunu, wasa ne. Yawancin gidajen da ke da arha a nan tsofaffin gidajen dutse ne jere a manne da juna, an gina su ga ma'aikatan masaƙun ulu fiye da shekara ɗari da suka wuce. Bango na tsotsar ruwa, taga na shigo da iska, ka kunna hita mita tana gudu, ka kashe yara su fara tari. Rarar da ka ɗauka ka samu a haya, gas ne zai cinye ta kafin watan Maris. Kowane gidan haya yana da takardar shaidar yadda yake riƙe ɗumi, daga A mafi kyau zuwa G, kuma doka ba ta yarda a ba da haya ƙasa da E ba sai da dalili na musamman. Ni dai gidan E ba na ba ɗan'uwa shawararsa. D ko C ya fi, ko da hayar ta ɗan ɗara. In ka shiga duba gida, ja labule, leƙa bayan gado da kusurwar banɗaki. Baƙin hunhuna a bango ba ƙazanta ce kawai ba: a 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a Rochdale saboda ita, har aka yi sabuwar doka a kan haka. Sabon fenti a kusurwa ɗaya tal ma abin tambaya ne.

Akwai kuma harajin ƙaramar hukuma, wanda ba ya cikin kuɗin da ake rubutawa a talla. An kasa gidaje daga A zuwa H bisa darajarsu ta 1991, A ce mafi sauƙi. Ɗalibi na cikakken lokaci ba ya biya, mai zama shi kaɗai ana rage masa kashi 25. Haɗa wannan da gas da kuɗin mota, sannan ka kwatanta gida biyu.

Batun tsaro kuwa, na san abin da kalmar ke tuna wa mutumin Batsari ko Jibiya da ya kwaso iyali ya dawo birni. Nan ba 'yan bindiga ba ne. Fasa mota ne, da 'yan ƙwaya, da matasa masu yawo da wuƙa. 'Yan sanda suna da shafi, ka sa lambar unguwa ka ga laifukan da aka kai rahoto wata-wata. Yana da amfani, amma sunan unguwa ba ya gaya maka komai: wannan layi lafiya lau, na bayansa ba ka so matarka ta bi bayan magariba, kuma a Disamba magariba kafin ƙarfe huɗu take yi. Ka je da rana, ka koma da dare, ka yi isha'i a masallacin wurin, ka tambayi dattawa da mai kanti. Tun da babu mai unguwa, su ne madadinsa. Mai neman gida a Kwaɗo ko Barhim a can Katsina ma bai fi ƙarfin yin hakan ba, musamman da damina, ya ga inda ruwa ke bi.

Makaranta: nisan gidanka da ita yana cikin abin da ake dubawa, don haka a bincika kafin a sa hannu. Kuma tun Janairun 2024 mai zuwa digiri na biyu na aji, ba na bincike ba, ba ya taho da iyali. Asibiti sai wata wasiƙar.

Mai tahowa ya riƙo mini kuka da busasshiyar kuɓewa. Kilishi kuwa a bar shi a gida, ba a yarda a shigo da nama ba, a filin jirgi za a ƙwace.

Ɗan'uwanku,
daga Bradford