Asabar: Fina-finan Barkwanci da Cikin da Ba a Shirya Masa Ba

Yau ba ni da aiki a asibiti, don haka na cika wa ƙanwata alkawarin zama mu kalli fina-finan da aka ba su su yi nazari a kansu a jami'a. Dukkansu na Amurka ne, na barkwanci, kuma labarinsu a kan budurwar da ta wayi gari da cikin da ba ta shirya masa ba. Ta ce tunda ni ungozoma ce, zan lura da abin da zai wuce ta.

Mun fara da Juno na shekarar 2007, wanda marubuciyarsa Diablo Cody ta ci kyautar Oscar a kansa. Juno yarinya ce 'yar shekara 16 da ta je asibiti da niyyar zubar da cikin, sai ta tarar da wata 'yar makarantarsu tsaye a waje da kwalin zanga-zanga, ta ce mata ai jaririn har ya yi farce. Maganar ta tsaya mata a rai, ta fasa, ta haihu, ta miƙa ɗan ga wata mata da ta daɗe tana neman haihuwa. Knocked Up, na wannan shekarar dai, bai riƙe ni ba, domin hankalinsa ya fi karkata ga ko saurayin zai yi hankali, alhali yarinyar ce ke ɗauke da cikin.

Bayan azahar muka kalli Obvious Child na 2014, inda jarumar, mai sana'ar ba da dariya a Brooklyn, ta zubar da cikin da gaske. An gaya mata kuɗin ya kai dala 500, aka sa mata rana 14 ga Fabrairu. Wurin da ya sa na ce a dakatar da fim ɗin shi ne inda ta je ɗakin mahaifiyarta da dare, ta kwanta kusa da ita tana kuka, ta faɗa mata halin da take ciki. Uwar ba ta ɗaga murya ba, sai ma ta ba ta labarin cewa ita ma ta taɓa yi tana budurwa, kafin hukuncin kotun ƙolin Amurka na 1973 da ya halasta abin.

Ban yarda da irin rayuwar da waɗannan fina-finai ke nunawa ba, kuma zubar da ciki a wurina ba abin wasa ba ne. Mazhabarmu ta Malikiyya ta tsananta a kansa, dokar Penal Code ta Arewa kuma ba ta yarda da shi ba sai don ceton ran uwa, hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin shekara 14. Duk da haka akwai abin da na yi wa 'yan matan fina-finan nan sha'awarsa, wato kowaccensu ta sami wanda za ta gaya wa tun da wuri. Waɗanda ake kawo mana ɗakin haihuwa da tsakar dare sukan iso ne bayan kwanaki suna zubar da jini, jiki ya yi zafi rau, leɓe ya bushe, sun sha ƙwayoyin kemis ko wani haɗin gargajiya ba tare da kowa ya sani ba. Muna wankin ciki, muna neman wanda zai ba da jini, uwa kuma tana tsaye a baranda da gyale a hannu, daga bakina za ta fara jin abin da ya sami 'yarta. Wannan tsayuwar tana cikin abubuwan da suka fi yi mini nauyi a aikina.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ai dariyar ce ta ba su damar buɗe baki. Namu na Kannywood da kuka da kora daga gida suke nuna shi, to wace yarinya ce za ta kalla ta yi ƙarfin halin faɗa?" Na ba ta gaskiya a nan, amma na nuna mata abin da dariyar ta rufe. Babu zazzaɓi ko jini a cikinsu, mahaifin Juno da matarsa sun karɓi labarin ba tare da sun kore ta ba, kuma ba a ga wadda rashin kuɗi ya tura hannun likitan bogi ba. Ko a Amurka ma sauƙin ya ragu: fim ɗin Unpregnant na 2020 ya mai da tafiyar wata ɗaliba daga jihar Missouri zuwa jihar New Mexico don zubar da ciki abin dariya, sai ga shi a watan Yunin 2022 kotun ƙoli ta soke hukuncin 1973, irin wannan doguwar tafiya ta zama dole ga mata da yawa a jihohin da suka haramta.

Da magariba ta gabato na ba ta shawarar ta duba a kowane fim, har da namu na Hausa, wane ne mutum na farko da yarinyar ta gaya wa, da kuma abin da ya ce mata. Ta rubuta a littafinta, ta ce gobe za ta nemo guda biyu na Kannywood mu gwada.