Haidarabad, Daga Kasuwar Awarwaro Zuwa Benayen Gilashi

Kogin Musi ne ya raba birnin Haidarabad na ƙasar Indiya gida biyu: tsohon gari a kudu, sababbin unguwanni a arewa da yamma. Adaidaita sahu na hau muka haye gada, sai ga Charminar, shahararren ginin tarihi na garin, a gabanmu da hasumiyoyinsa huɗu, kowace ƙofa tana kallon titi guda. Sarki Muhammad Kuli Kutub Shah ne ya gina shi a 1591, shekarar da ya kafa garin. Dab da shi akwai Masallacin Makka da aka kammala a 1694, harabarsa cike da tattabaru. A nan na yi azahar.

Inda na fi daɗewa shi ne Kasuwar Laad, yamma da Charminar, kasuwar awarwaro. Lungunanta sun tuna min da Kurmi ta Kano. Na tsaya wajen wani dattijo yana gasa ƙaro a kan garwashi. Da ya yi laushi sai ya murza shi, ya lanƙwasa, ya bi shi da ƙananan duwatsu masu ƙyalli ɗaya bayan ɗaya, ko ɗaga kai bai yi ba. Amaren garin nan da aikin hannun irinsa ake kai su ɗaki. Gaba kaɗan kuma shagunan lu'ulu'u ne a jere, alhali garin ko kusa da teku ba ya.

Ganuwar Golkonda tana yamma, wajen kilomita 11. Can ne tsohuwar fadar sarakunan, kuma cibiyar cinikin daimon a zamaninta, kafin Aurangzeb, sarkin daular Mughal, ya ci ta da yaƙi a 1687. In ka tafa hannu a ƙofar shiga, na kan tsauni yana jin ka.

Kuɗin yau dai suna HITEC City, unguwar kamfanonin fasaha, da kewayenta, inda Microsoft da Google suke da manyan ofisoshi, sai kuma masana'antun magunguna da allurar rigakafi a bayan gari. Duba bayan kwalin magani a kemis ɗin unguwarku, ba mamaki ka ga sunan Haidarabad.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda arzikin nan bai isa tsohon gari sosai ba. Cunkoso da hayaƙin ababen hawa sun dabaibaye Charminar, har wani ɓangare na adon hasumiya ɗaya ya ɓalle ya faɗo a 2019. Ginin da ya haura shekara 400 yana tsaye ya cancanci kulawar da ta fi haka.